Muryarsa a Lambata

"Ba zan yi ba, Dogo. Ka ma daina ɓata bakinka."

"Ki bari in ƙarasa mana, Zuciyata..."

"Jiya ka ƙarasa, shekaranjiya ma ka ƙarasa. Amsata tana nan inda ka bar ta."

Ina tsaye ne a lungun bayan ofishinmu, inda muke jibge tsofaffin kwalaye da wayoyin da suka lalace, abincina na can kan tebur yana hucewa. Ta cikin wayar ina jin ƙugin injin jirgin ruwan da yake aiki a ciki.

"Kwantiragina ya kusa ƙarewa," ya ce a hankali. "Sun ce in sabunta. In na sa hannu, sai bayan shekara uku. In ban sa ba, gida zan dawo... To in dawo wurin wa? Mutumin da nake so ya ba ni 'yarsa ko sallamata ba ya amsawa."

"Baƙuwar lamba ce ba ya ɗauka, ka sani."

"Shi ya sa nake cewa ki sa min taki."

Aikina ke nan, kuma ya san da haka. Kamfaninmu ƙarami ne, muna sayar wa asibitoci da shaguna layin da ake kira da shi ta intanet ya faɗa wayar kowa, har ƙaramar waya mai maɓallai irin ta Abba. Irin wannan kiran ba shi da lambar kansa. In ba a saita masa wata ba, haka zai isa tsirara, allon waya ya nuna ɓoyayyiyar lamba. Ni ce mai saitawa. Likita zai ce yana so marasa lafiya su ga lambar asibiti ko daga gida ya kira su, in zauna in yi masa. Tun safe har yamma abin da nake yi ke nan.

Shi ma Dogo ni na buɗe masa layi, har da lamba tasa ta kansa. Da ya kira da ita, Abba ya kalle ta, ya ga babu suna a kai, ya kife wayar ya ci gaba da aikinsa.

Dogo abokin Yayana ne tun suna firamare. A shagon Abba na kafinta suka girma, suna satar ƙusa suna shan ranƙwashi tare. Yaya ne ya laƙaba masa Dogo. Ni kuwa "ke yarinya" Dogon yake kirana, har zuwa shekarar da ya fara sunkuyar da kai in na shigo. Shi ya fara samun aikin jirgin dakon kaya, ya ja Yaya suka tafi, alhali Abba yana so ɗansa ya gaji shagon. Wata rana igiyar ƙarfe ta tsinke a saman jirgi, ta sami Yaya. A can aka binne shi, a wata tashar jiragen ruwa da har yau Umma ba ta iya faɗin sunanta daidai.

Dogo ne ya kira ya faɗa. Abba yana tsakiyar auna katako, ɓoyayyiyar lamba ta shigo, ya ɗauka da fara'arsa yana zaton ɗansa ne.

Tun ranar bai ƙara ɗaga kiran da babu suna a kai ba. Kawun Dogo ya zo da maganar aurenmu, Abba ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi ruwa, ya ce a bar maganar. Na taɓa miƙa masa wayata Dogo yana kan layi, ya tashi ya fita ya bar ni da hannu a miƙe. Bai taɓa zaginsa ba. Ni da zagin ma ya yi, da na san inda muka dosa.

"Kiranki ko yana saman tsani zai ɗauka," in ji Dogo. "Minti ɗaya nake nema. In ya ji ni, ya ce a'a da bakinsa, wallahi na haƙura."

"Yaudara ce fa."

"Lambarki ce, ba ta wani ba. Ni ma a da kamar ɗansa nake, Zuciyata... A kwano ɗaya yake zuba mana abinci. Ki taimake ni."

Muryarsa ta karye a kalmar ƙarshe. Ni kuma duk tsiwata, ban iya jin Dogo yana kuka ba. Na kashe wayar ban ce e ba, ban ce a'a ba, amma na san ya gama da ni.

Da yamma na sami Umma a kicin tana wanke-wanke, na karɓi soson daga hannunta.

"Umma, da Abba zai ji muryar Dogo sau ɗaya, kina ganin ba zai sauko ba?"

Ta dube ni ta gefen ido. "Me kike shiryawa?"

"Tambaya ce kawai."

"Tun kina rarrafe in kika ce tambaya ce kawai, kin riga kin fasa abu." Ta goge hannunta da zani. "Ki bar mahaifinki. Mu mata mun yi kukanmu mun rage, shi nasa yana nan ciki bai fito ba."

Na ji ta da kunne, amma a raina cewa nake yi tsofaffi sun cika jan magana. Shekara biyu ana jira, har yaushe?

Abin ba wuya. Wani farin akwati ne a allon kwamfuta, a rubuta lambar da ake so ta fito. Sai dai na'urar ba ta yarda da kowa haka nan. Kiran mai lambar take yi, wata murya marar rai ta karanto masa alƙaluma, shi kuma ya ba da su da kansa don a tabbata ya amince. Kullum ni ce mai yi wa mutane wa'azi, kar ku ba kowa alƙaluman nan ko ɗan'uwanku ne. Washegari wayata ce ta yi ƙara a kan teburina, na ɗauka, na saurara, na shigar da su da hannuna.

Mun yi da Dogo zai kira bayan la'asar, lokacin da Abba ya dawo daga masallaci ransa a sanyaye.

Na buɗe shafin da muke ganin kiran da ke tafiya, na zuba masa ido. Layin Dogo ya fito. Yana shiga... yana shiga... sai ya zama kore. Abba ya ɗauka.

Na dafe baki. Na jira ya mutu, bai mutu ba. Minti biyar suka wuce yana nan kore, goma suka wuce yana nan. Hawaye suka zubo min, ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓiya. Suna magana! A cikin ɗan wannan lokacin har na zaɓi launin labulen ɗakina, har na ga Abba yana ƙera mana gado da hannunsa. Oga ya leƙo daga ɗakinsa ya ce lafiya, na ce masa lafiya lau.

Sai layin ya mutu, wayata ta ɗau ƙara. Dogo ne.

"Ya ake ciki? Me ya ce?"

"Bai ce komai ba." Numfashinsa sama-sama yake. "Ya ɗauka ya ce, Uwata, ya aiki? Na yi sallama, na ce Abba ni ne... sai na ji wani abu ya faɗi. Tun ɗazu nake kiran sunansa, babu kowa. Ki je ki duba shi, don Allah."

Ban kai ga miƙewa ba aka banko ƙofar ofis.

Abba ne. Rigar aikinsa duk garin katako, fensir a bayan kunne, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, babban yatsan yana jini. Daga shagonsa zuwa ofishinmu tafiya ce mai ɗan nisa, kuma mutum ne da ko tsallaka titi sai ya tsaya ya huta. Yana haki yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kaina.

"Uwata..."

Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ya tako ya kama fuskata da hannu biyu, ya shafa kafaɗata, ya juya hannayena yana dubawa. Sai ya zauna a ƙasa tsakanin tebura.

"Ke ce? Lafiyarki ƙalau? Babu abin da ya same ki?"

"Ni ce, Abba. Ga ni."

"Muryar yaron nan na ji a wayarki." Ya riƙe hannuna. "Na ce shi ke nan... ita ma ta tafi. Shi aka sake ba ya faɗa min."

Wallahi ko sau ɗaya abin bai zo min a rai ba. Ni da nake taƙama na san aikina, na lissafa komai ban lissafa wannan ba. Na durƙusa a gabansa. Ashe wayata na hannuna ban kashe ba, sai ga muryar Dogo siririya tana fitowa, "Zuciyata? Kina ji na? Me ya sami Abba?"

Abba ya kalli wayar, ya kalle ni.

"Yaya aka yi ya shiga lambarki?"

"Ni... ni na saita masa."

"Ke."

Oga ya ɗauko mota muka kai shi asibiti. Likita ta ce jininsa ya hau sosai, zuciyar ma ba ta da ƙwari, ta rubuta magani. Da za mu fito ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, irin wannan firgitar kada a bari ta sake samunsa.

A ranar na cire lambata daga layin Dogo. Na faɗa wa Abba, ya ce to. Bai yi min faɗa ba, bai ɗaure min fuska ba. In na gaishe shi da safe yana amsawa, har ya ce in ɗauki lema hadari ya haɗu. Amma in na kira shi daga ofis, sai wayar ta yi ta ƙara har ta gaji.

"Yana gani," in ji Umma. "Sai ya ɗauko ta ya tsura wa sunanki ido, ya ajiye. Ba fushi ba ne. Tsoro yake ji."

Ban taɓa tsanar kaina kamar lokacin ba. Dogo ma na sauke masa nasa kason, na faɗa masa maganganun da ban so in tuna. Ya shanye, ya ce duk na yarda, laifina ne. Haƙurin nasa ya ƙara ba ni haushi, don faɗa nake nema ban samu ba.

Ana haka, wata rana da hantsi ina saita wa wani mai kantin magani layi, wayata ta nuna Abba. Na ɗauka da sauri, kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Kai ne?"

Ashe shi a tunaninsa lambar tamu ce mu biyu yanzu, in ya kira yana iya faɗawa kan Dogo.

"In kai ne, kar ka yi magana tukuna," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ɗana... ya sha wahala?"

"Abba, ni ce."

Ina jin ƙarar zarton maƙwabcinsa daga nesa.

"Au. To, yi aikinki."

Da na koma gida na same shi a falo ya kunna rediyo ba ya saurare. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Abba, lambar da ta fito a allo kamar riga ce aka sa wa kiran. In ka kira ta, mai ita za ka samu. Ni kaɗai ce a tawa."

"To shi ina tasa?"

"Yana da ita. Ita ce ba ka ɗauka."

Ya laluba aljihu ya miƙo min wayarsa. "Sa min. Ki rubuta yadda zan gane."

"Me zan rubuta?"

"Abin da Yayanki yake kiransa."

Na rubuta Dogo. Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Na ce Allah ya juya min kuskurena ya zama alheri, har na aika wa Dogo saƙo na ce kar ya kuskura ya sa hannu a komai.

Ranar Asabar da safe ya kira. Abba ya ce ni da Umma mu zauna, ya sa na ƙara sautin wayar na ajiye ta a kan tebur. Ya riƙe hannun kujera ya ce, "Ina jin ka."

"Abba, ina kwana..."

"Lafiya. Ya sha wahala?"

"A'a, Abba. Nan take ne. Ko juyawa bai yi ba."

"Wa ya wanke shi?"

"Ni ne, da wani dattijo mai dafa mana abinci. Mun yi masa sallah, mutane da yawa sun zo daga wasu jiragen."

"Ya ambace ni?"

Na roƙi Allah a raina ya yi masa ƙarya mai daɗi, amma Dogo bai iya ƙarya ba.

"Bai samu yin magana ba, Abba. Amma da safen ranar ya gyara ƙafar teburin da muke cin abinci. Ƙusa ɗaya ta lanƙwashe masa, ya ce da Abba yana nan da yau na sha ranƙwashi..."

Abba ya yi wata dariya da ta rikiɗe ta zama kuka. Tun da aka yi rasuwar ban ga hawayensa ba sai ranar. Umma ta rufe fuska da mayafi, ni ma na kifa kai a gwiwa.

"Ba ka da laifi," ya ce da ya samu numfashi. "Na daɗe da sani. Ka yafe min shirun da na yi maka."

"Abba, ni ne mai neman gafara. Sannan maganar..."

"Na san ta. Zan yi magana da Uwata. Allah ya yi maka albarka."

Na kashe wayar ina ji kamar in tashi sama. Sai da na ɗago na ga gumi ya jiƙa wuyan rigarsa, fuskarsa ta yi fari, hannunsa ya ƙi sakin kujerar. Umma ta tashi da gudu ta ɗauko magani. Ranar bai je shago ba, kwance ya wuni.

Na ce a raina kiran farko ne, dole ya girgiza shi. Zai saba.

Dogo ya ci gaba da kira duk ƙarshen mako don gaisuwa, Abba kuma yana ɗauka. Ina kallonsa yana cika ƙirji da iska kafin ya danna maɓallin, yana tambayar ya ruwa, ya aiki, har da ɗan barkwanci. Da an gama sai ya nemi wurin kwanciya. Na riƙa kawar da kai ina yi kamar ban gani ba, don ina son Dogo, kuma ina son abin ya yiwu ko ta yaya.

A kira na huɗu ne Dogo ya yi dariya, irin dariyar da suke yi da Yaya a bakin shago. Wayar ta suɓuce daga hannun Abba. Kwana biyu ya yi a gadon asibiti.

Ina zaune a gefensa da rana, Umma ta tafi ɗauko masa kaya, ya buɗe ido.

"Uwata, matso."

Na matsa.

"Ban hana ki ba. Ki ce ya dawo, in ba shi ke. Yaron kirki ne, babu wanda na sani kamarsa."

"To Abba, me ke faruwa da kai?"

"Na gwada." Ya ɗora hannu a ƙirji. "Wallahi na gwada, na yi addu'a. Kaina ya san ba shi da laifi. Amma da ya buɗe baki, sai in ga kaina a shago da ma'auni a hannu, ana gaya min ɗana ya mutu. Kullum sabo yake dawowa. Yanzu kuma har da ke a ciki."

"Da lokaci zai wuce..."

"Ƙila." Ya yi murmushi don ya kwantar min da hankali. "Kar ki duba ni. Ni na ci zamanina."

Na fito na zauna a dogon bencin da ke baranda. Umma ta dawo da leda a hannu, ta zauna kusa da ni.

"Umma, in na aure shi, ya za a yi?"

"Yadda ake yi. Zai zo gaisuwa, zai kira in kin haihu, zai kira in ba ki da lafiya. Suruki ai ba a ɓoye shi a aljihu." Ta gyara ledar a cinyarta. "Ba zan ce ki bar shi ba, kar ki ce ni na raba ku. Amma ɗa ɗaya na binne, ko kabarinsa ban gani ba. Mutumin can na ciki shi ya rage min, sai ke."

Na jira ta ƙara wani abu da zan kama in yi musu da shi, ba ta ƙara ba.

Ranar Litinin da tsakar rana na koma lungun bayan ofis, na kira Dogo.

"Ya jikin Abba?" ya tambaya kafin sallama.

"Da sauƙi. An sallame shi."

"Alhamdu lillahi. Na ce zan daina kira na ɗan lokaci, har ya..."

"Dogo, ka sa hannu."



"Me kika ce?"

"Ka sabunta kwantiragin."

"Ya hana ne?"

"Bai hana ba. Cewa ya yi ka dawo ya ba ka ni."

"To me ya rage? Zuciyata, me ya rage? Ya yarda, kin yarda..."

"Zai mutu ne, Dogo. Zai yi ta daurewa saboda ni, yana yi maka fara'a, har ranar da za ka yi sallama a ƙofar gida ya faɗi. Ni na gani da idona, kai ba ka gani ba."

"Sai in daina magana a gabansa. In zama bebe. Wallahi zan iya."

Na yi dariya hawaye na shiga bakina. "Kai? Kai da ko a sallah sai an ji muryarka a sahun baya?"

"Mu jira to. Shekara uku ba komai ba ne. In na dawo..."

"In ka dawo me? Mu zauna muna jiran ranar da ba ya nan? Ka san ba zan iya son ka da wannan a raina ba, kai ma ba za ka iya ba."

Ya yi kuka sosai, irin na namijin da bai saba ba. Na jingina da kwalayen ina saurarensa, ban rarrashe shi ba, don in na fara na san zan janye maganata.

"Da ban roƙe ki ba..." ya ce.

"Da ban yarda ba. Mu biyu muka yi."

"Ina son ki tun kina zuwa shago da kwanon abincin Abba a ka. Ban taɓa son wata ba."

"Na sani. Ni ma kai ne, kuma ban ga ranar da zan daina ba. Ka kula da kanka a ruwan nan, ka ji? In ka ga igiya ta ɗaure, ka matsa."

"Zuciyata..."

Na kashe. Na wanke fuska a bayan gida, na koma teburina, don akwai wata mai shagon ɗinki tana jirana tun ɗazu. Na saita mata lambarta, ta gwada ta ga ta fito, ta yi ta godiya. Da ta fita na buɗe layin Dogo na rufe shi.

Da yamma ban wuce gida ba, na bi ta shago. Abba ya koma aiki duk da likita ta hana, yana zaune yana goge ƙafar wata kujera a hankali. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Kin yi magana da shi."

"Na yi."

"Yaushe zai dawo?"

"Ba zai dawo ba, Abba. Ya sabunta aikinsa."

"Shi ya ce, ko ke kika ce?"

Na sunkuyar da kai. Ya jawo min wata kujerar da ba a gama ba, na zauna. Motoci suna wucewa a titi, maƙwabcinsa yana rufe shago. Na ga kafaɗunsa sun sauka, numfashinsa ya daidaita yadda na daɗe ban ji ba. Shi ma ya ji hakan a jikinsa, sai kunya ta kama shi, ya kawar da fuska.

"Allah ya tsare shi," ya ce. Can ya ƙara, "Uwata, na cuce ki ko?"

"A'a, Abba."

Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunsa.

"Da kin ce e, da na fi samun sauƙi."